Maganin zubawa a tanki da a baƙin mai: yadda nake yi da a-kori-kurata mai gas

Duk mai mota mai shan gas a Katsinar nan ya san abin da nake faɗi, ka tsaya wajen 'yan kayan gyara ka ce a baka filta ɗaya tal, kafin ka zaro kuɗi daga aljihu an jero maka kwalabe a kan kanta, wannan na wanke nozul ne Alhaji, wannan na ƙara ƙarfi, wancan kuma in ka zuba a baƙin mai inji zai koma sabo fil. Ni Hilux gare ni mai injin 2KD, ta daɗe hannuna, da ita nake jigilar hatsi da taki tsakanin Daura da Mai'adua da Katsina, da rani kuma kayan gwari. Na zuba wanda ya yi aiki, na zuba wanda kuɗina kawai ya ci, to ga yadda nake bi yanzu daki-daki.

Ka fara sanin wane inji ne gare ka, don wallahi mutane da yawa basu sani ba. Hilux da yawa da ke yawo a ƙasar nan ma fetur suke sha, masu injin 2TR, su ba da su nake ba. Cikin masu gas ɗin kashi biyu ne. Akwai tsofaffin irin 3L da 5L na Toyota, da tsohon 4D56 na Mitsubishi L200, masu famfo na hannu wanda ake kaiwa wajen mai saiti ya gyara, waɗannan jakai ne, suna haƙuri da mai mara kyau har wani lokaci. Sai kuma masu kwaman rel, wato 2KD da 1KD da ake rubutawa D-4D a jikinsu, da 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, da 4JJ1 na Isuzu D-Max. Waɗannan kwamfuta ke basu mai, kuma matsin da famfonsu ke tura gas da shi ya wuce bar 1,300, sababbin ma sun haura 2,000, ramin da mai ke fita ta bakin nozul, wato abin da ke fesa gas cikin inji, kuwa kamar silin gashi yake. Abin da tsohuwar 5L zata shanye ta wuce, 2KD sai ya kwantar da ita. In motarka tokumbo ce daga Turai ka duba ko tana da DPF, wato tankaɗen da ke kama toka a cikin salansa, don wannan yana canza irin baƙin man da zaka saya da irin maganin da zaka iya zubawa.

Na biyu, kafin ka sayi komi ka tambayi kanka mi ke damun motar. Magani ba ya ɗinke abin da ya yage. In baƙin hayaƙi take yi in ka taka totur, fara buɗe filtar iska, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙurar hunturu ke tashi, ni na sha cire filta in buga ta a taya in ga ƙasa ta zubo kamar an juye kwanon gari, inji bai samun iska dole ya yi baƙin hayaƙi ya ci mai, ba ruwan nozul. In fari ne hayaƙin da safe yana yaji a ido kuma tana wuyar tashi, ka duba hita da batir. In shuɗi-shuɗi ne to baƙin mai take ƙonawa, ringi ne ko tabo, wato abin da ke hura wa inji iska, kuma babu kwalbar da zata mayar da ƙarfen da ya cinye. Wanda magani ke taimakawa shi ne in motar lafiyarta lau amma ta fara ɗan rawa a silo, wato tana tsaye inji na aiki, ko ƙarar inji ta ƙara kaushi, ko ta ɗan rage ja a hawa, alhali filtoci sababbi ne.

Na uku shi ne wanda nafi so a tsaya a kai, gwada man da kake sha. Ka sami kwalbar gilashi fara mai tsabta busasshiya, ka tari gas ɗin a ciki, ka ajiye a inuwa kamar awa ɗaya, sannan ka ɗaga ta saitin haske. Gas mai kyau garau yake kana hango hannunka ta bayan kwalbar. In ka ga ya yi hazo-hazo kamar ruwan tsamiya akwai ruwa a haɗe, in ruwan ya yi yawa zaka gan shi kwance a gindin kwalba don ya fi gas nauyi, wani sa'in da baƙin gari ko tsatsa. Ka ɗan shafa a yatsa biyu ka murza, gas na da santsi, in ka ji ya bushe da sauri kuma warin kalanzir na tashi to an yi masa haɗi. Wannan santsin ba ƙaramin abu bane, don famfo da nozul ba baƙin mai ke shafa musu ba, gas ɗin da kansa shi ne man shafawarsu, kalanzir kuma ba shi da wannan santsin, ƙarfe ke cin ƙarfe.

Ni abin da ya koya min hankali wata damina ce, mai ya yanke min a hanyar ƙauye na sayi jarka ɗaya wajen 'yan bumburutu, ban duba ba na juye. Ban yi kilomita ashirin ba fitilar filta ta fara ƙiftawa a dashbod, mota ta fara shaƙewa. Da na iso gari na tsaya na sayi wata kwalba da aka ce min tana cinye ruwa na zuba, na ci gaba da tafiya abina. Bayan sati biyu nozul biyu suka tafi. Da ogan garejinmu ya kwance filtar ya juye a kwano ya kalle ni ya ce, Alhaji wanga ai ba magani yake so ba, zubarwa yake so, da ka tsaya minti biyar ka murɗa ƙasan nan da ba mu kai nan ba. Na ce to oga ai kau na ji a jikina. Kuɗin nozul biyun nan ya ishe ni sayen filta na shekaru.

To na huɗu kenan, zubar da ruwa. A ƙasan filtar gas akwai ɗan famfon roba, a samanta kuma akwai abin dannawa da ake famfa mai da shi. Ka kashe mota, ka tara gwangwani ko gorar ruwa da ka yanke a ƙasa, ka murɗa na ƙasan kamar zagaye biyu, kar ka cire shi gaba ɗaya, sai ka riƙa danna na saman har ruwan ya gama fita gas zalla ya fara zubowa, ka mayar ka ɗaure da hannu kawai, kar ka sa filaya don roba ce tana fashewa, ka ƙara dannawa har ka ji ya yi tauri. A irin tawa in fitilar na ƙiftawa ruwa ne, in ta tsaya a kunne filtar ce ta toshe. Ni da damina duk sati biyu nake yi ko fitila bata kama ba. Kuma in zaka kwana da mota ka bar tanki a cike ya fi, don tanki wofi yana yin gumi ta ciki in dare ya yi sanyi bayan zafin rana, gumin nan ruwa ne ke ɗiga cikin mai.

In za a canza filtar gas ɗin ka tsaya a kan yaron gareji. Al'adarsu su cika sabuwar filta da gas daga wata tsohuwar gora don mota ta tashi da wuri, to wannan man da suka zuba ta ramin tsakiya bai bi ta tankaɗe ba, kai tsaye famfo zai je da duk yashin da ke cikin gorar. A tsohon inji an sha da haka, a kwaman rel kar ka yarda, a ɗaura ta busasshiya a famfa da hannu ko da zai ɗauki minti goma.

Sai yanzu muka zo kan kwalaben. Ka karanta jikin kwalba da kanka ko ka ba wanda zai karanta maka, abu na farko ka tabbata an rubuta na dizal ne, don na fetur da na gas kamanninsu ɗaya a kanta. Aikinsu ya kasu, duk da yawanci ana haɗa biyu ko uku a kwalba ɗaya.

Akwai na wanke nozul, wato mai narkar da dattin da ke daskarewa a bakin nozul da cikinsa. Shi ne nafi amfani da shi, kuma shi ne na ga amfaninsa da idona, rawar silo ta ragu bayan tanki ɗaya ko biyu.

Akwai na ƙara sitan. Sitan awo ne na yadda gas ke saurin kamawa da wuta in an matse shi a cikin inji, ƙa'idar Turai ta EN 590 ta ce kar ya gaza 51, ta Amurka kuma 40 ce mafi ƙanƙanta. In sitan ya yi ƙasa inji na ƙwanƙwasa da safe yana farin hayaƙi kafin ya ɗau zafi. Maganin na rage wannan, amma kar ka sa ran zai mayar da motarka jirgi.

Akwai na ƙara santsi. Shi wannan labarinsa ya haɗu da salfa, wato farar wuta da ke cikin gas. A Turai salfar da ke cikin gas bata wuce kashi 10 cikin miliyan, a Amurka 15 tun 2006, kuma wajen cire salfar a matata santsin man na raguwa, shi ya sa can ake ƙara masa maganin santsi tun kafin ya iso gidan mai. Mu nan shekara da shekaru gas mai salfa da yawa muke sha, a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, matatar Dangote kuma ta fara fitar da gas a 2024, to man da ke kasuwa yanzu gauraye ne, kai da ke tsaye bakin famfo baka san wanne aka sauke ba. Ni dai in na sha mai a inda ban saba ba, ko na ji alamar kalanzir kaɗan, ina zuba na santsi. In haɗin ya yi yawa kuwa a juye tankin kawai.

Akwai na kashe ƙwayoyin cuta, eh ƙwayoyi, suna rayuwa ne daidai inda ruwa ya haɗu da gas a gindin tanki, su ke yin wannan baƙin abu mai yauƙi kamar kuɓewa da ke toshe filta. Ya fi samun motar da ke daɗewa a ajiye, da masu ajiye gas a duro don injin ban ruwa ko janareta. In filtarka na toshewa da wuri kuma kana ganin yauƙin nan, ka fara zubar da ruwan tanki, ka zuba maganin bisa awon da aka rubuta, ka bar shi ya kwana, kuma ka sani bayan nan gawarwakin zasu taho filta, sai ka canza ta sau ɗaya ko biyu. Guba ne, kar ya taɓa fata, kuma ba na kowane tanki bane.

Sai na sanyi, mai hana gas daskarewa. Wannan dariya yake bani. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka gas na yin kakin zuma in sanyi ya kai wajen sifili zuwa ƙasa, ya toshe filta. Mu sanyin Daura komi tsananinsa da asuba bai kai can ba. Amma da yake kayan gwanjo ne ke shigowa a kwantena sai ka ga ana sayar da shi da tsada. Misali kayan Power Service na Amurka, farar kwalba ta lokacin sanyi ce, ja mai suna Diesel 911 ta narkar da man da ya riga ya daskare ce, mai ruwan toka Diesel Kleen ita ce ta wanki da sitan. Ka ga mai jan hatsi a Katsina mi zai yi da ja. Haka kuma duk wanda ka ga an ce yana haɗa ruwa da mai su ƙone tare, musamman mai sinadarin alkohol, ni bana sa shi a kwaman rel, don aikin filta ta raba ruwa ta riƙe shi, shi kuma maganin yana taimaka wa ruwan ya wuce filta ya isa nozul, abin da ya same ni kenan.

Awo kuma shi ne inda mutanenmu ke kuskure, sai a juye kwalba duka a kan mai lita goma wai don ya fi aiki. Ba haka bane, in ya wuce awo babu ƙarin amfani sai ƙarin kashe kuɗi. In an rubuta 1:1000 to mililita ɗaya ce ga lita ɗaya. In 1:500 ne mililita biyu ga lita, kenan in zaka sha lita 60 ka zuba mililita 120. Tankin Hilux Vigo lita 76 ne, na sabuwar lita 80. Kayan Amurka kuma da awus da galan suke rubutu, galan ɗinsu lita 3.8 ne kusan, awus ɗaya kuma kusan mililita 30, in aka ce awus ɗaya ga galan uku kenan mililita 30 ga lita 11. Ni babban sirinji na saya a kemis mai cin mililita 50, na ɗaure shi a leda tare da kwalbar a bayan kujera, ba a dashbod ba inda rana ke gasa shi, kuma nesa da hannun yara.

Yadda ake zubawa, ka bari sai ka isa gidan mai, ka fara zuba maganin a tanki sannan a ɗura gas a kai, ƙarfin zubar man shi zai gauraya su. Ranar da ka zuba na wanki kuma ka so ace doguwar tafiya zaka yi, kamar Katsina zuwa Kano ka dawo, inji ya ɗau zafi sosai ya yi aiki da kaya, ba ka zuba ka je kasuwa ka dawo ka ajiye ba. Ka riƙe sabuwar filta da sifana a mota, don in tankin tsoho ne maganin zai tayar da datti. Kar ka haɗa kamfani biyu a tanki ɗaya. Ni na wankin duk juyen mai nake zubawa sau ɗaya, ba kullum ba. Akwai kuma irin Diesel Purge na Liqui Moly da ake cire tiyon shiga da na dawowa a tsoma a gwangwanin inji ya sha shi zalla, wannan ka bar wa bakanike da ya saba, in iska ta shiga layi zaka sha wahalar tayarwa.

In kana son ka san ko ya yi aiki kar ka dogara da kunne, duk wanda ya kashe kuɗinsa sai ya ji mota ta ƙara lafiya. Ka cika tanki dam, ka rubuta kilomita, in ka dawo ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta sha, ka yi haka tanki uku kafin magani da uku bayansa a hanya iri ɗaya da kaya iri ɗaya. Ni a littafina bambancin shan mai kaɗan ne ƙwarai, abin da ya canza shi ne silo da hayaƙin safe.

Abubuwan da direbobi ke zubawa a tasha kuma, fetur kaɗan wai don ya wanke, man giya ja, man babur na tustirok, kai har da baƙin man da aka juye daga inji ana tacewa da tsumma a zuba a tanki. Fetur na kashe santsi ya rage sitan, tsohon baƙin mai kuwa cike yake da garin ƙarfe da toka. Masu tsohon 3L na cewa sun yi shekaru suna zuba tustirok ba abin da ya faru, ban musa musu ba, amma a injin kwamfuta ban yarda ba. In kuma motarka na da ƙaramin murfi shuɗi kusa da na gas, na AdBlue ne, ruwa ne da yuriya mai tankinsa daban, ba maganin mai bane, in ya shiga tankin gas kar ma ka murɗa makulli, a jawo motar a wanke tanki.

Ɓangaren baƙin mai ba zan ja shi ba don ra'ayina gajere ne. Baƙin mai mai kyau ya riga ya zo da magungunansa a ciki, na wanki, na hana cin ƙarfe, na kashe tsamin da salfa ke haifarwa, an auna su daidai, kai kuma ka zo ka ƙara wani a kai baka san ko zasu jitu ba. Abin da zaka duba a jikin galan shi ne harafin C, kamar CI-4 ko CJ-4 ko CK-4, shi ne na injin gas, 15W-40 kuma shi yawancin tsofaffin motocinmu ke sha a zafin nan, sababbi ka bi littafin mota. Mai DPF sai mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta C2 ko C3. Da ƙurarmu da irin gas ɗinmu ni kilomita 5,000 nake juyewa tare da filta, kuma gabana ake fasa galan ɗin don jabu ya yi yawa.

Wannan tiritmen ɗin mai kauri kamar zuma da ake zubawa, kaurara mai kawai yake yi. In inji ya tsufa yana shan mai yana hayaƙi zai ɗan rufa masa asiri wata biyu uku kafin ka tara kuɗin ringi, shi ya sa in zaka sayi mota hannu ka zaro gej ka murza man a yatsa, in yana jan zare an zuba. A inji mai lafiya kuwa cutarwa ce, don da safe mai kauri na jinkirin isa tabo, tabo kuma ba ta jure bushewa ko na daƙiƙa kaɗan.

Sai fulashin, na wanke cikin inji kafin juye. In dole sai ka yi, inji ya ɗau zafi, ka zuba a tsohon man, ka bar shi a silo minti goma zuwa sha biyar ko yadda aka rubuta, ba taka totur ba tafiya, ka kashe ka juye da zafinsa ka bari ya tsane sosai, sabuwar filta, sabon mai. Amma in ka buɗe murfin zuba mai ka haska ka ga baƙin datti ya daskare kamar kwalta kar ka yi, don zai ɓamɓaro shi gunduwa-gunduwa ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke tsotsa ta ciki a gindin inji, mai ya yanke, metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kai, ya tafi. Irin wannan a kwance kwanon ƙasa a wanke da hannu. Masu 1KD musamman, an san shi da matsalar washar da nozul ke zama a kai, in ta fara yoyo hayaƙi na shiga cikin mai ya zama gawayi ya toshe rariyar nan, to duk juye ka sa a haska tocila ta ramin da ake zubar da mai a leƙa rariyar, in an ga ta fara yin baƙi a canza washar guda huɗu a wanke ta tun kafin fitilar mai ta kama a hanya.